Wa zai koya wa ɗan aji ɗaya karatu?

Bayan sallar isha'i ƙanena ya shigo mani da takardar, ɗiyarsa na biye da shi tana ta sunne kai. An ba ta gurbin karatu a kwalejin ilimi, za ta yi NCE, takardar shaidar malanta. Ya miƙo mani ya ce, "Yaya, ga abin da ya samu. Jami'ar dai ba ta yiwu ba, makinta bai kai ba. Na ce da zaman gida gara ko malantar ce ta yi."

Ko malantar ce. A zaurena ya faɗa, a gaban mutumin da ya shekara talatin da biyu yana shaƙar ƙurar alli a firamaren ƙasar Daura, kuma ko a jikinsa. Ban ga laifinsa ba, domin abin da kowa ke faɗa ne ya maimaita, har da hukuma, sai dai ita da alƙaluma take faɗar nata. Jarrabawar JAMB maki 400 ce. A shekarar 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, aka bar kwalejojin ilimi a kan 100. Wato wanda ya ci kashi ɗaya cikin huɗu ya isa a fara shirya shi ya koyar da 'ya'yan jama'a. Cikin watan Oktoban shekarar kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito da sabon tsarin shiga manyan makarantu, inda mai neman NCE zai zo da kiredit huɗu. Turanci ya zama dole ga masu fannin adabi da zamantakewa, lissafi kuma ga masu kimiyya da sana'o'i. Yaro ma ya san abin da wannan ke nufi: ƙofar da ta fi kowace faɗi ita ce ta malanta.

Duk inda aka tayar da zancen nan, a majalisa ko a ofishin malamai, amsa ɗaya ake bayarwa, a ɗaga maki, a tsananta sharuɗɗa. Na daɗe ina cikin masu faɗin haka. Yanzu na sassauta, kuma dalilina biyu ne. Na farko, in aka ɗaga makin ya yi daidai da na jami'a alhali albashi da mutuncin aikin suna nan yadda suke, yaron da ya kai makin jami'ar zai tafi, a bar azuzuwan kwaleji wayam, mu kuma da ke ƙauyukan Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa mu rasa ko wanda zai tsaya wa yara. Na biyu, kiredit ɗin kansa ya daina ba da labarin mai shi. Duk wanda ya taɓa sa ido a jarrabawar fita sakandare ya san yadda wasu takardun ke samuwa. Na ga mai kiredit takwas da ya kasa rubuta takardar neman izinin kwana biyu. Na kuma ga wadda ta sha wuya kafin ta haɗa biyar, amma in ta shiga aji sai ka ji tsit, yara sun zuba mata ido.

Abin da ya fi damuna shi ne shekara ukun da ke tsakanin shiga da fita, da abin da ake nema ga ɗalibi kafin a miƙa masa takardar da ke cewa shi malami ne.

Ga wanda bai san tsarin ba, hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara abin da kwalejojin ilimi za su koyar. Ɗalibin NCE yana ɗaukar kwasa-kwasai iri uku a lokaci guda. Akwai na ilimin koyarwa, irin su tarihin ilimi da falsafarsa da sanin halayyar yara da tsara manhaja. Akwai na gama-gari da kowa ke yi, kamar Turanci da lissafi na yau da kullum da kwamfuta. Sai kuma darussa biyu da ɗalibi ya zaɓa ya ƙware a kansu, abin da suke kira kombineshan, misali Hausa da Nazarin Addinin Musulunci, ko ilimin halittu da na sinadarai. A shekara ta biyu ana yin ƙaramin gwajin koyarwa, inda ɗalibi zai tsaya na 'yan mintoci ya koyar da 'yan ajinsu suna kwaikwayon yara. A shekara ta uku a tura shi makaranta ta gaske ya yi gwajin koyarwa, wanda ɗalibai ke ce wa tifi. A takarda tsarin ba shi da laifi. Akwai ma sashe na musamman na ilimin firamare, da na renon ƙananan yara, waɗanda aka tsara domin irin makarantarmu.

Matsalar ita ce yawancin waɗanda ke zuwa hannunmu ba ta wannan sashe suka biyo ba. Matasa na gudunsa, suna ganin kamar ƙasƙanci ne a ce firamare ka karanta. Kowa na son kombineshan da zai iya ɗorawa a kai ya yi digiri ya tsere. Amma aikin da ke akwai, in ya samu, a firamare yake, tunda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta sa NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar koyarwa, kuma firamare ce ta fi kowane mataki cin malamai. Sai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya turo maka wanda ya shekara uku yana karanta tattalin arziki, ka rasa inda za ka sa shi sai aji biyu. A can kuwa malami ɗaya ne ke yin komai, karatu da rubutu da lissafi da tsafta. Wanda aka ɗauke wa sharaɗin lissafi a ƙofar shiga saboda fannin adabi zai yi, watarana shi ne zai tsaya gaban allo yana koya wa yara ɗebewa da aro.

Bari in ba da labarin wani da ya zo mana tifi shekarun baya. Ba zan ce daga wace kwaleji ba, don daga wurare da dama ake turo mana su, kuma abin da na gani gare shi na gan shi ga wasu. Yaro ne mai ladabi, kullum cikin guga, yana riga ni isowa. Tattalin arziki da nazarin zamantakewa ya karanta. Na ba shi aji biyu, yara casa'in da 'yan kai, rabinsu a kan tabarma. Rana ta uku na leƙa ta taga. Ya cika allo fal da rubutu mai kyau, ma'anar iyali da ire-irensa, duk da Turanci. Yana karantawa yara na amsawa da ƙarfi har ana ji daga bakin rijiyar makaranta. Wanda ke wucewa zai ce karatu ya kankama.

Na shiga na karɓi sandar nuni. Na kira wata yarinya da muryarta ta fi ta kowa tashi, na ɗora sandar a kan wata kalma a tsakiyar layi na uku. Ta dube ni, ta dubi allo, ta soma rero layin farko tun daga kansa. Na goge wani gefe na rubuta "baba" da manyan baƙaƙe. Shiru. Na zagaya ajin da kalmar nan, yara bakwai ne suka iya karanta ta. Na duba littattafansu na tarar sun kwafe abin da ke allo tsaf, amma zana shi suka yi kamar yadda ake zana fure a jikin hula, wasu sun juya "b" ta koma "d", wasu sun haɗe kalmomi uku sun zama ɗaya.

Da aka tashi tara na kira shi ofis. Na tambaye shi yadda ake fara koya wa yaro karatu. Ya yi jim, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ba a yi mana wannan ba." Na ce to me aka yi maku a kan yara? Nan take ya jero mani matakai huɗu na girman tunanin yaro na masanin nan Jean Piaget, wanda suke kira Fiyaje, da shekarun kowane mataki, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ya haddace su daga handawut ya ci jarrabawa da su. Abin da bai taɓa gani ba shi ne yadda ake ɗaukar baƙi a haɗa shi da wasali, b da a ba, b da i bi, a tara gaɓoɓi su zama kalma, a sa yaro ya ji da kunnensa cewa sautin da ke farkon "masara" shi ne a farkon "mota". Kuka bai yi ba, amma idonsa ya kawo ruwa. Ni ma ban yi masa faɗa ba, don ba shi ya tsara wa kansa manhaja ba. Sati biyu muka yi ina shiga ajin tare da shi da safe. Kafin ya gama tifi, fiye da rabin yaran suna haɗa gaɓa biyu.

Mu da muka biyo ta Gired Tu, tsohuwar takardar shaidar malanta, da wannan aka fara mana. Shekara biyar muke yi a kwalejin horon malamai bayan firamare, a makarantar kwana, kuma kowane darasin firamare sai an koya maka shi sannan an koya maka yadda ake koyar da shi. Har rubutun allo darasi ne. Malaminmu yakan tsaya a ƙarshen aji ya ce in ɗan baya bai iya ganin wasalinka ba, goge ka sake. Da marafan kwalba da tsinken dawa muka koyi koyar da ƙidaya. Ba ina cewa a dawo da Gired Tu ba ne. Iliminmu na darussa bai yi zurfi ba, kuma lokacin shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare ga kowa, da aka buɗe makarantu barkatai, an yaye malamai da gaggawa waɗanda su ma sai a hankali. Ni kaina sai da na koma na yi NCE ta hanyar Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ina zuwa darasi ranakun Asabar da lokacin hutu, kuma na ƙaru ƙwarai. Amma da aka rufe waɗancan kwalejoji aka ɗaga matsayin takarda, an bar wani abu a baya da ba a ɗauko ba, wato sana'ar hannu ta aikin.

Wani lokaci in na shiga Katsina nakan ratsa ta tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. An kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma domin horon malamai aka gina ta. Daga nan Sardauna Ahmadu Bello ya fita ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauchi. Mutanenmu na son kawo wannan misali don nuna cewa da can zaƙaƙurai ake zaɓa wa malanta. Gaskiya ne, amma a riƙa tunawa cewa 'yan ƙalilan ne ake tsamowa daga lardunan Arewa gaba ɗaya, a lokacin da yawancin yara ba sa zuwa boko sam. Yau kowane ƙauye na da firamare. Ba za a iya cika su da irin wancan zaɓe ba, dole sai dai a ɗauki matsakaitan yara a horar da su da kyau. Wuraren horon kuwa muna da su, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, ga ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ga ta Yusufu Bala Usman nan Daura, ban da sassan ilimi na jami'o'in jihar.

Sai batun harshe, wanda a nan ne nake ganin an fi yin sakaci. Shekara da shekaru manufar ilimi na cewa a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekaru ukun farko na firamare. A 2022 gwamnati ta ce a kai shi har aji shida. A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce a koma Turanci tun daga tushe. Ina da ra'ayina a kan haka, amma ko wanne aka bi, yaron da ke shigowa aji ɗaya a ƙasar Daura da Hausa yake zuwa, wani da Fulatanci, kuma malamin da bai san yadda zai bi ta harshen da yaro ke ji ya kai shi ga wanda ba ya ji ba, hadda kawai zai sa shi. Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin da Turanci ba shi da shi, kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya gane sirrin haɗa baƙi da wasali a Hausa ya riga ya san mene ne karatu, saura ya koyi sabon harshe. Amma ɗalibi na iya gama NCE a kombineshan da ba na Hausa ba, bai taɓa zama an koya masa ƙa'idar rubutun harshen da zai yi wa yara bayani da shi ba. Shi ya sa za ka ga malami ya rubuta "kasa" yana nufin ƙasa, ya rubuta "bari" yana nufin ɓari, ya rubuta "daki" a inda ɗaki ya kamata. Yaro ya karanta daidai abin da ke allo, malam ya ce ya yi kuskure.

Abin haushin shi ne an san maganin. Lokacin shirin RANA, wanda aka gudanar a jihohin Katsina da Zamfara da tallafin UNICEF domin koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, an kira malamanmu bita, an ba su littafin jagora da na yara. Malaman da suka shekara goma suna sa yara rera allo suka dawo suna koyar da sauti ɗaya-ɗaya, kuma mun ga bambanci da idonmu. Abin da ake koya wa malami a bitar 'yan kwanaki bayan ya fara aiki, me ya hana ya zama kwas na dole, na shekara guda cur, ga duk mai neman NCE, ko wane kombineshan yake yi?

Tifi kuma, wanda ya kamata ya zama matattarar komai, shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ba duka ba, na ga masu duba ɗalibai da ke zama a bayan aji daga farkon darasi har ƙarshe, su kira ɗalibi gefe su yi masa gyara layi-layi. Amma na kuma ga wanda ya iso ana gab da tashi, ya zauna a ofishina, ya ce a tattaro masa littattafan tsarin darasi na ɗalibai shida, ya ba kowa maki, ya hau mashin ya nufi makaranta ta gaba. Da na ce masa, "Malam, ko za ka leƙa aji ɗaya?" sai ya nuna mani jerin makarantun da suka rage masa, ya ce kuɗin man ma daga aljihunsa ne. Na fahimce shi. Amma a shekaruna duka ban taɓa ganin ɗalibin da ya zo mana ya faɗi tifi ba, alhali na ga da yawa da aka riƙe wa takarda saboda keri-oba a kwas ɗin da ba za su taɓa amfani da shi a aji ba. Jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN ma, wadda ake yi kafin a ba da lasisi, a gaban kwamfuta ake yin ta, ana zaɓen amsa. Tana da amfaninta, sai dai ba ta sa kowa a gaban yara casa'in. Da jihar Kaduna ta yi wa malaman firamarenta jarrabawar 'yan aji huɗu a 2017, aka ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba, an yi ta zagin malaman. Kaɗan ne suka tambayi ta wace ƙofa suka fito da takardun da aka ɗauke su aiki da su.

Yanzu kuma hankali ya koma kan digiri. Dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE. Ina murna da duk abin da zai ɗaga darajar malami, kuma na san digiri na ƙara matakin albashi. Fargabata ita ce a sake abin da aka yi lokacin da aka bar Gired Tu, a ƙara shekara, a ƙara kwasa-kwasan hadda da rubutun furojet, mai digiri ya iso aji biyu da tambayar da wancan yaro ya kasa amsawa.

Da za a tambaye ni, sharaɗin da zan sa a bakin fita yake. Kada a ba kowa NCE sai an kai shi ajin ƙananan yara na gaske, an ware masa yara goma da ba su iya karatu ba, an auna su a farkon zango an sake aunawa a ƙarshe. Hedimasta da malamin ajin su sa hannu a sakamakon tare da mai dubawa daga kwaleji, kuma a biya mai dubawar kuɗin hanya yadda zai iya zama. Wanda yaransa ba su motsa ba ya maimaita, kamar yadda zai maimaita kowane kwas. Za a ce hedimastoci ma za a iya saye su da roƙo da "ɗan wane ne". Za a iya. Amma yaro ba ya karanta abin da bai iya ba don an roƙe shi, kuma kowa na iya zuwa ya buɗe masa littafi. Sannan a ɗaura tallafi a kan sashen firamare. A 2020 marigayi Shugaba Buhari ya yi wa malamai alƙawura, ciki har da ƙarin shekarun aiki daga 35 zuwa 40, wanda ya zama doka a 2022, kuma a 2021 aka sanar da alawus na naira 50,000 duk zango ga ɗaliban NCE. Irin wannan kuɗi, in yana isa hannun ɗalibi a kan lokaci kuma aka fifita masu karanta ilimin firamare da shi, zai jawo yaran da yanzu ke gudun sashen.

Na duba takardar ɗiyar ƙanena da kyau a daren nan, na ga Turanci da nazarin zamantakewa aka ba ta. Na ce mata in ta je rajista ta tambaya ko za a iya mayar da ita sashen firamare. Ta ɗan ɓata fuska ta ce, "Baba, ƙawayena za su ce 'yan reno zan koyar." Mahaifinta ma ya ce a bar ta da Turancin, ya fi suna. Ban matsa ba. Na shiga ɗaki na ɗauko mata tsohon littafin jagoran malami na aji ɗaya da guntun alli, na ce kafin a buɗe makaranta akwai 'ya'yan maƙwabcinmu uku da ke aji uku ba su iya rubuta sunansu ba, ta riƙa zama da su a zaure bayan la'asar. Yau kwana tara ke nan. Jiya na dawo daga masallaci na tarar ta zana layi a jikin ƙofar langa-langa, ƙaramin cikinsu na tsaye yana ta kokawa da "ƙa" da "ka", ita kuma ta kama maƙogwaronta da yatsa biyu tana nuna masa daga inda sautin ke fitowa.